Wane irin wake zan shuka don sayar da ɗanyen kwanso a gindin duwatsun Kagoro?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Ina da gona kusan hekta ɗaya a gangaren duwatsun Kagoro, kusa da Kafanchan. Samanta tsakuwa ce, ƙasanta kuwa ruwa yakan kwanta a watan Agusta. Bana ina so in noma wake don sayar da ɗanyen kwanso, ba busasshe ba. Wasu sun ce in sa Kananado, wasu sun ce SAMPEA (ingantaccen irin wake na cibiyar binciken noma ta Samaru), wani kuma ya nuna mini mai dogon kwanson nan da ke hawa sanda. Jarina kaɗan ne. Don Allah wanne zan ɗauka?

Manomi daga Saminaka:
Wa alaikumus salam. Malam, cire Kananado daga lissafi. Ba ya fure sai yini ya fara gajarta, wajen Oktoba, kafin nan yaɗo kawai zai yi ta yi. Na tsaba da harawa ne. Mai neman kuɗin ɗanye yana son irin da zai fara tsinka cikin wata biyu.

Hajiya mai saro kayan gwari:
Ɗana, wa za ka sayar wa? Ka fara amsa wannan. Mai dafa ɗanyen wake ta kai talla, cikakken kwanso mai ido take nema, kowane wake mai saurin nuna zai yi mata. Masu gidajen abinci kuwa kwanson da bai ƙosa ba suke so, mai taushi, mara zare, wanda za a yanka a shinkafa. A Farin Gada ta Jos za ka tarar da koren wake na Turawa ya riga ka zama, sai naka ya fi kyau ko ya fi araha. Kuma kayan nan ba ya jira, ya kwana biyu a buhun leda ya yi yaushi, ni kaina ba zan taya ba. Kwando za ka nema, ka tsinka da sanyin safiya.

Malamin gona:
SAMPEA 14 da 15 na IAR, wato cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, an fitar da su ne don tsaba da jure wuta-wuta. SAMPEA 20-T da aka amince da shi a 2019 yana kare kansa daga tsutsar Maruca mai huda fure da kwanso, amma shi ma na tsaba ne, kwansonsa yakan yi tauri da wuri. Idan kwanso mai taushi kake nufi, tambayi IITA ta Kano, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, irin waken da ake ci da kwansonsa, ko ka nemi akidi, wani irin wake da ake cin ɗanyen kwansonsa, wurin 'yan kasuwa Ibo. Mai hawa sanda ya fi daɗewa yana ba da kwanso, sai dai sanda da igiya da masu tsinka duk bayan kwana biyu ko uku za su ci kuɗi. Wake ba ya son ruwa ya kwanta masa, don haka bar masa tsakiyar gangaren, ka ja kunya a gicciye don hana zaizayar ƙasa. Ina roƙonka, kada ka tsinka washegarin feshi, mutane ne za su ci shi da ɓawonsa. Ka bi kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalbar maganin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan gwada gajere mara hawa sanda da mai hawa a 'yan kunyoyi tukuna. Hajiya, a wane wata ɗanyen kwanso ya fi tsada a wajenku?