Wa ke cin kuɗin Daytona, direba ko mai mota?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya muke jayayya da wani abokina. Ni na ce duk direban NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, da ya ci babban tserensu Daytona 500 ko sau ɗaya ne ya yi hannun riga da talauci, har jikokinsa. Kuɗin da aka ware wa tseren a 2024 ya haura dala miliyan 28. Yini guda, zagaye 200, shi ke nan. Kawu, kai da kake zaune a garinsu, raba mana gardama.

Kawu na Charlotte: Wa alaikumus salam. Ɗana, ba ka barci ne? Nan sha ɗayan dare, yanzu muka shigo daga gidan maƙwabci cin talotalon Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, ko takalmi ban cire ba.

Ɗan Fagge: Mu nan asuba ta kusa, Kawu. Amsa kawai nake jira.

Kawu na Charlotte: To abokinka ya fi ka gaskiya. Wannan miliyan 28 ba na wanda ya zo na ɗaya ba ne, motocin da suka shiga tseren ake raba wa, kusan arba'in. Kuma ba hannun direba ake danƙa wa ba, asusun ƙungiyar da ke da motar yake shiga. Direba yana da albashinsa, sannan a yanka masa kaso daga abin da motar ta ciwo, gwargwadon yarjejeniyarsa. Tun 2016 ma NASCAR ta daina bayyana abin da kowace mota ta samu a tsere. Duk wanda ya ce maka ga adadin da wane ya kwasa ranar Lahadi, kintace yake yi.

Bakanike na Maraɗi: Ashe sukuwa ce. Yaro ya hau, ya sha ƙura, in ya faɗi shi ke karyewa, amma mai doki ake yi wa kirari.

Ɗan Fagge: Haba Malam, wane ɗan sukuwa ne ke haɗa jari da Michael Jordan? Denny Hamlin ya ci Daytona sau uku, 2016, 2019 da 2020, kuma a 2020 ɗin suka kafa ƙungiyar tsere ta 23XI shi da Jordan. Da albashi ya yi wannan?

Kawu na Charlotte: Ka dubi jikin motarsa a duk shekarun nan, sunan wa ke kai? FedEx, kamfanin da ya ɗauki nauyinsa. Kusan shekara ashirin suna tare. A nan kuɗin yake. Ga wanda ya fi wannan ma: Dale Earnhardt ƙarami bai taɓa cin kofin shekara ba ko sau ɗaya, shi kuwa Jimmie Johnson sau bakwai ya ci. Amma shekaru da dama Dale ne ke kan gaba a jerin masu samu da mujallar Forbes ke fitarwa. Sau 15 a jere 'yan kallo suka zaɓe shi direban da suka fi so, daga 2003 zuwa 2017. Hula, riga, ƙaramar motar wasan yara, komai aka buga lambarsa a kai sai ya ƙare a kasuwa.

Maman Ummi, Houston: Ku dakata da maganar miliyoyin da ba naku ba. Yaya, ka ce talotalo ka ci? Allah ya ba ka haƙuri. Naman nan ko awa biyar ya yi a oven haka zai fito kamar audugar katifa.

Kawu na Charlotte: Ƙanwata, ba ki ci na mutanen kudu ba ne. Maƙwabcin nan nawa a garejin wata ƙungiyar tsere yake aiki, wajen Mooresville, kuma ba ya gasawa, soyawa yake. Tukunya doguwa kamar ta masu kunun kanti, a cika da man gyaɗa, a ɗora kan gas a tsakar gida nesa da bango. Ya kashe wutar tukuna, sannan ya saki talotalon a hankali da ƙugiya, ga abin kashe gobara a gefen ƙafarsa. Ya ce in da sauran ƙanƙara a cikin naman, man zai yi tsalle ya kama da wuta. Ba a yi awa guda ba aka fito da shi, fatar na ƙaras-ƙaras, ciki kuwa ruwa na ɗiga.

Auta na Kumasi: Kawu, yankan wa?

Kawu na Charlotte: Ni na sayo shi a shagon halal tun ranar Litinin, ya narke a firij kwana uku. Sharaɗin zuwana ke nan, kuma mutumin ya karɓa ba musu. Naman aladensu ma daban suka ajiye a wani tebur.

Maman Ummi, Houston: Man gyaɗa dai namu ne, shi ya cece shi. Ni nawa yanka shi nake gunduwa-gunduwa, ya kwana cikin yaji da citta da tafarnuwa, in haɗa da dafa-duka. Yarana ne ke dagewa sai an sa dakakken dankali da wannan jan abin na cranberry, mai tsami kamar zoɓon da aka manta sukari.

Bakanike na Maraɗi: Hajiya, da talotalo goma gara zabuwa ɗaya.

Maman Ummi, Houston: Wannan kam ba gardama.

Ɗan Fagge: An karkatar da zance. Kawu, ina da tambaya. Su kamfanonin nan me ya kawo su? Ba nasara ba? Wa zai zuba kuɗi a motar da kullum take na talatin? Ke nan ko ta wace hanya kuɗin ya biyo, cin tseren ne tushensa. Maganata na nan.

Kawu na Charlotte: Rabin maganarka na nan. Sauran rabin ka tambayi Kyle Busch. Kofin shekara biyu gare shi, 2015 da 2019. Kamfanin M&M's da ke ɗaukar nauyinsa ya janye bayan kakar 2022, mai ƙungiyarsa Joe Gibbs bai samu wanda zai cike gurbin ba, sai ga zakara yana neman wurin zama har ya koma ƙungiyar Richard Childress. Nasararsa ba ta riƙe masa kujera ba. Kamfanin Lowe's ma ya bar Johnson bayan 2018, da kofunansa bakwai. A ƙananan rukuni kuwa abin ya fi muni, akwai yaran da su ke zuwa da mai ɗaukar nauyinsu kafin a ba su mota.

Auta na Kumasi: Ni abin da ban gane ba, ina kuɗin talabijin? Yarjejeniyar 2025 zuwa 2031 da Fox, NBC, Amazon da TNT dala biliyan 7.7 ce.

Kawu na Charlotte: Rigimar ke nan, Auta. NASCAR ta iyalin France ce tun da Bill France ya kafa ta a 1948, kuma filayen tsere da yawa, har da Daytona, nasu ne. Ƙungiyoyi suna riƙe da takardun gurbi 36 da ke ba su tabbacin shiga kowane tsere da kasonsu na kuɗin. A kan sharuɗɗan takardun nan ne ƙungiyoyin 23XI da Front Row suka kai NASCAR kotu a Oktoban 2024. Ka ga har masu motar kuka suke, balle direba.

Bakanike na Maraɗi: Mai mota na faɗa da shugaban tasha, direba na jiran balas ya fita ya ga abin da ya rage.

Ɗan Fagge: Abin da ya rage ɗin nan ni a ba ni. Tsere 36 a shekara, Fabrairu zuwa Nuwamba, sauran watanni kana kwance.

Maman Ummi, Houston: Kwance ina? Zafin cikin motar yana haura digiri 50, awa uku ko huɗu kana ɗaure. Kai da ke kuka da zafin Afrilu a Kano. Kuma a Daytonar da kake kwaɗayi ne Earnhardt babba, mahaifin Dale ƙarami, ya rasu a zagayen ƙarshe, 2001.

Kawu na Charlotte: Wasunsu ma ba sa son kwanciyar. Akwai tseren ƙananan motoci a California a makon Thanksgiving ɗin nan, Turkey Night suke ce masa, direban NASCAR Kyle Larson ya ci shi fiye da sau ɗaya. Kuɗinsa bai kai ya tsuke masa ido ba, son tuƙin ne kawai. A tseren Martinsville kuwa abin da direbobi ke rububi agogon katako ne mai tsayin mutum da ake ba wanda ya ci.

Ɗan Fagge: Agogo. To ni har yanzu ban ga wanda ya ci Daytona yana bara ba, sai ku nuna mini shi.

Kawu na Charlotte: Ban ce suna bara ba, ɗana, na ce ba daga nan arzikin yake ba. Je ka yi sallah. Ƙanwata, maƙwabcin ya bar mini man gyaɗan, jarka guda cur. In na tace zai yi ƙosai, ko ƙamshin talotalon zai kama shi?

Maman Ummi, Houston: Tace shi da ƙyalle mai tsabta, ka fara soya albasa a ciki ka zubar da ita. Kuma kar ka bari Anti ta san daga ina ya fito.