Jimi Hendrix da rigimar kalmar "maraya"

Baba Mai Faifai: Salamu alaikum 'yan zaure. Tun jiya raina a ɓace yake. Ina shago na kunna Jimi Hendrix, sai wani yaron unguwarmu ya leƙo ya ce in kashe wannan hayaniyar, wai ai mutumin ɗan ƙwaya ne da ya banka wa jitarsa wuta don a san da shi. Yaron da faifan ma ya girme shi! Ni maganata ɗaya ce: Amurka ba ta san darajar wannan maraya ba sai da ya ƙetare teku. Tun da ya bar soja a 1962 yake kiɗa a bayan wasu mawaƙa, su Isley Brothers da Little Richard, abin da ake ba shi bai taka kara ya karya ba. A 1965 ya sa hannu a wata yarjejeniya a kan dala 1 tal, rigimarta ba ta sake shi ba har ya mutu. Sai a Satumban 1966 Chas Chandler, wani makaɗi ɗan Ingila da ya zama manajansa, ya ɗauke shi zuwa Landan, kafin shekara ta zagayo Ingila gaba ɗaya ta san shi. Sannan ne 'yan ƙasarsa suka farga. Wanda ke da ja ya fito.

Malam Na Ƙofa: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma "maraya" ba ta zauna a nan ba. Maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu bai balaga ba. Mahaifin wannan mutum, Al Hendrix, sai 2002 ya rasu, shi ne ma ya ci gadon ɗan, tunda bai bar wasiyya ba.

Uwar Biyu: Haba Malam. Wannan ta littafi ce ka karanto mana. Mu a gida wanda ya rasa uwa maraya muke ce masa. An raba auren iyayensa yana ɗan shekara 9, uwarsa Lucille ta rasu a 1958 yana 15, kuma uban bai kai shi wurin jana'izar ba. In wannan ba maraici ba ne, ka gaya mini sunansa.

Malam Na Ƙofa: Hajiya, ke da bakinki kin ce 15. Ai ya balaga. Ko ta wace hanya kika biyo kalmar ba ta hau shi ba.

Uwar Biyu: Maza kenan. Kun ɗauka ranar da gashin baki ya tsiro ranar kewar uwa ke ƙarewa. Ni na riƙe 'ya'yan yayata uku bayan rasuwarta, babban yana 17, shi ya fi kowa kuka da dare.

Auta: Anti, Allah ya jiƙanta. Amma Malam ma'anar shari'a yake nufi, ke kuma ta zuciya. Ba faɗa ba ne.

Uwar Biyu: Auta, ka bari manya su gama. Kullum in Malam ya yi magana kai ne na farko a bayansa.

Ɗan Damagaram: Ku kuna ta maraya, ni abin da ya tsaya mini shi ne wai sai an je Amurka a sami mai jita. Mu a Nijar muna da Mdou Moctar, shi ma bahago ne kamar Hendrix, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Hendrix ai saya masa aka yi a dala 5. Ga Bombino na Agadas ma. Amma ku ba ku ganin na kusa.

Basakkwace: Ɗan'uwa, a hankali. Shi Mdou ɗin ina ya ɗauki kundinsa na farko a 2008? A Sakkwato. Da salon situdiyonmu na waƙoƙin Hausa aka gyara muryar, daga nan ya bazu a wayoyin mutane ta mimori. Ku dinga faɗin gaskiya gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram: To don ya yi hayar ɗaki a garinku sai kiɗan Abzinawa ya zama naku? Kullum haka kuke, komai ya yi kyau a ce daga Najeriya ya fito.

Basakkwace: Ban ce namu ba ne. Na ce a Sakkwato aka ɗauka. Ka musa in ƙarya ne.

Baba Mai Faifai: Jama'a, ba wanda ya taɓa maganata har yanzu. Ni kiɗan nake so ku ji. Bahago ne, ya ɗauki jitar Fender Stratocaster ta masu dama ya kife ta, ya sake jera tsirkiyoyin. Ƙarar nan da lasifika ke yi in an matsa kusa da ita, wadda kowane makaɗi ke gudu, shi ya mayar da ita murya yana juya ta yadda ya so. A babban bikin kiɗa na Woodstock a Amurka, safiyar Litinin 18 ga Agustan 1969, bayan akasarin taron ya watse, ya kaɗa taken Amurka har kana jin kamar jirage na sakin bama-bamai a ciki, lokacin ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Ni da na fara jin wannan sai da tsigar jikina ta tashi. Kundi uku kacal ya yi a situdiyo yana raye, tsakanin 1967 da 1968. Wannan ne yaro zai kira hayaniya?

Malam Na Ƙofa: Baba, ban ce bai iya ba. Na ce dai a janye kalmar.

Nas Mai Dare: Tunda an ambaci ƙwaya bari in sa baki, don aikina ne. Ranar 18 ga Satumba 1970 ya mutu a Landan yana da shekara 27. Maganin barci mai ƙarfi ya sha fiye da ƙima, ya yi amai cikin barci, aman ya shaƙe shi. Mai binciken musabbabin mutuwa bai yanke cewa da gangan ba ne ko kuskure. Don Allah masu shan maganin barci ba umarnin likita su ji wannan. Kuma in kun ga wanda ya fita hayyacinsa, ku kwantar da shi ta gefe, kada ku bar shi rigingine.

Guguwa: Anti Nas, kashe shi aka yi. Na gani a wani bidiyo. Baƙin mutum ya fi Turawa kiɗansu, kina jin za su bar shi?

Nas Mai Dare: Turo bidiyon.

Guguwa: Yana tsohuwar wayata. Amma kowa ya sani.

Auta: Kenan yaron shagon Baba bai yi ƙarya ba, ai an kama shi da ƙwaya a Toronto a 1969.

Baba Mai Faifai: An kama shi a watan Mayu, kotu ta wanke shi a Disamba. Kai ma rabin labari ka riƙe, Auta. Wutar kuma a bikin kiɗa na Monterey a Amurka ce, Yunin 1967, bayan ya gama kiɗan da ya sa kowa ya miƙe tsaye. Wutar kaɗai kuke tunawa.

Uwar Biyu: Ni har yanzu ina jiran Malam ya gaya mini me ake ce wa yaron da aka hana shi raka gawar uwarsa.

Shugaban Zaure (Basakkwace): To jama'a, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. An fahimci cewa "maraya" kuskure ce, kamar yadda Malam ya kawo hujja. An kuma tabbatar cewa daga Sakkwato Mdou Moctar ya fara, ɗan'uwanmu na Damagaram bai iya musawa ba. Maganar kisa ba ta da madogara. Baba kuma muna ba shi haƙuri game da yaron. Zan rufe zaure sai da safe.

Ɗan Damagaram: "A Sakkwato aka ɗauka" ka ce ɗazu, yanzu ta koma "daga Sakkwato ya fara"? Alƙali kuma mai ƙara!

Uwar Biyu: Wa ya fahimta? Ni ban fahimta ba. Ka buɗe, Malam bai amsa mini ba.