Neman shawara: kakar mijina 'yar Ayilan ce, ɗanmu zai samu takardar ƙasar?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Manchester, mijina Bature ne da ya musulunta. Sunan danginsu Murphy, kuma tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai a 2020 yake cewa wannan suna kaɗai ya isa ya samu fasfon Ayilan. Da na tambayi surukata, sai ta ce Murphy ɗin tun zamanin yunwar 1840 da wani abu suka ƙetaro Ingila. Amma mahaifiyarta ita, wato kakarsa ta wajen uwa, a Cork ta Ayilan aka haife ta. Ina da ciki wata huɗu. Shi zai samu? Jaririn fa? Ni fa?

Yayarku ta Dublin:
Wa alaikumussalam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ki ce wa maigida ya ajiye maganar suna. Murphy shi ne sunan da ya fi yawa a Ayilan, ba wanda ake ba ƙasa saboda shi. Kakar nan ta Cork ita ce hanyarsa. Duk wanda aka haifi kakansa ko kakarsa a tsibirin, har da Ayilan ta Arewa, yana da damar shiga rajistar waɗanda aka haifa a waje, Foreign Births Register, a Ma'aikatar Harkokin Waje. Surukarki kuwa 'yar ƙasa ce tun haihuwa, ko ba ta taɓa neman fasfo ba.

Abin da ya tayar min da hankali cikin nan ne. Zama ɗan ƙasar maigida zai fara ne daga ranar da aka sa sunansa a rajista. In aka haifi jaririn kafin ranar, ƙofar ta rufe masa ta wannan hanya, domin tattaɓa kunne ba ya gado kai tsaye. Aikin yakan kai wata tara ko fiye. Ku cike fom ɗin a intanet a makon nan, ku haɗa da wasiƙar likita mai nuna watan haihuwa, domin suna gaggauta wa masu jiran haihuwa.

Wani malami daga Leeds:
Hajiya, takardu ne wahalar. Cikakkiyar takardar haihuwar kakar, ta aurenta, da ta rasuwa in ta rasu. Sannan na surukarki, sannan nasa. Takardun aure ne ke nuna yadda suna ya sauya daga uwa zuwa 'ya, kada ku raina su. In ya canza suna da ya musulunta, ya sa shaidar canjin. Kada kuma gobarar ma'ajiyar tarihi ta Dublin ta 1922 ta tsorata ku. Rajistar haihuwa da aka fara a 1864 ba ta ƙone ba, ana neman kwafi a babban ofishin rajista. Kuɗin shiga Foreign Births Register ga babba Yuro 278 ne.

Yayarku ta Dublin:
Na manta da ke. Aure kaɗai ba ya ba ki ƙasar. Sai kun shekara 3 da aure, kin kuma zauna shekara 3 a tsibirin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe Asabar za mu je gidan surukata, ta ce takardun mahaifiyarta na cikin wata tsohuwar jaka a saman sif.