Me ya sa kiɗan na'ura yake dacewa da fina-finan masu aikata laifi?

Aminu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske game da kundin kiɗan fim ɗin Thief na 1981, wanda ƙungiyar Tangerine Dream ta Jamus ta shirya wa darakta Michael Mann. Me ya sa aka zaɓi sautin na'ura maimakon babbar ƙungiyar makaɗa, kuma shin kundin zai yi wa wanda bai kalli fim ɗin ba daɗin saurare?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Aminu. Ka duba farkon fim ɗin, inda jarumi James Caan, a matsayin ƙwararren ɓarawo, yake huda akwatin ajiya na ƙarfe cikin dare a birnin Chikago, aka ɗauki lokaci mai tsawo kusan babu mai cewa uffan. A nan kiɗan ne yake riƙe da mai kallo. Na'urar da ake kira sikwensa tana maimaita gajeren jerin sauti ba tare da gajiya ko sauya gudu ba, sai ya haɗu da ƙarar injin huda har kunne ya kasa raba su. Ƙwararren ɓarawo mutum ne mai sanyin zuciya da lissafi, don haka kiɗan da ba ya nuna tausayi ya fi bayyana halinsa.

Malama Rabi:
Na yarda da Malam Habu, amma akwai batun kuɗi. Darakta John Carpenter da kansa ya haɗa kiɗan fim ɗinsa Assault on Precinct 13 a 1976 da sintesaiza, wato na'urar lantarki mai samar da sautin kiɗa, domin kasafin fim ɗin bai kai na ɗaukar makaɗa da yawa ba. Salon ya samu karɓuwa sosai bayan Giorgio Moroder ya ci kyautar Oscar a 1979 da kiɗan fim ɗin Midnight Express.

Injiniya Bala:
Karɓuwar ba ta zama ta kowa ba, Malama, domin an saka kiɗan Thief cikin jerin 'yan takarar Golden Raspberry, kyautar zolaya da ake ba ayyukan fim marasa kyau, a rukunin kiɗa mafi muni, hukuncin da nake ganin zalunci ne. Game da tambaya ta biyu kuwa, Malam Aminu, shawarata ita ce ka fara kallon fim ɗin. Wasu sassan kundin suna tsayawa da ƙafarsu, amma maimaicin da yake tsinka zuciya yayin da ake jiran ƙofar akwati ta buɗe yana iya gundurar wanda bai san abin da ake jira ba.