Me ake samu a rigar faifai wanda babu shi a cikin waƙar?

Habibu Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambayata ta fi shafar manyanmu da suka riski zamanin garmaho da kaset, amma duk wanda ya san harkar waƙa yana iya taimaka mini. Na karanta cewa a Amurka mutane sun koma sayen manyan faifan nan baƙaƙe, har a shekarar 2022 aka sayar da kimanin miliyan 41, adadin da ya zarce na faifan sidi a karo na farko tun 1987. Da dama daga cikin masu sayen suna cewa abin da ke jan su shi ne rigar faifan, wato zanen da ke gaba, da bayanan da ake rubutawa a baya, da baitocin da ake bugawa a takardar ciki. Ni a sanina da kunne ake jin waƙa, kuma wayata tana ɗauke da abin da ɗaki guda na faifai ba zai ɗauka ba. Shin akwai wani amfani na haƙiƙa a cikin waɗannan takardu, ko kuwa begen zamanin da ne kawai ke damun mutane?

Malam Isyaku Mai Garmaho ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Habibu. Na yi aiki a ɗakin ajiyar faifai na wani gidan rediyo, saboda haka zan amsa maka daga wannan ɓangaren. Abu na farko da rigar faifai take yi shi ne ta faɗa maka wanda ya yi aikin. Idan ka juya bayanta za ka ga sunan mawaƙi, da na kowane makaɗi tare da abin da ya kaɗa, da wanda ya rubuta waƙar, da wanda ya naɗi sautin, da garin da aka naɗa, da shekarar. Mai gabatar da shiri yana riƙe da rigar a hannu yayin da faifan ke juyawa, kuma daga nan yake samun abin da zai gaya wa masu saurare, ba daga kansa ba.

Kada ka ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Kamfanin Motown na birnin Detroit ya shafe shekarun 1960 yana fitar da waƙoƙin da suka zagaye duniya, alhali makaɗan da ke kaɗa kusan dukansu a ɗakin naɗi ba a rubuta sunayensu a jikin faifan. Sai a 1971, da Marvin Gaye ya fitar da What's Going On, aka jera sunayensu, ciki har da James Jamerson mai kaɗa jitar bes, mutumin da miliyoyin jama'a suka daɗe suna rawa da kiɗansa ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Ga makaɗi, wannan layi guda na rubutu shi ne shaidarsa, da shi wani zai neme shi aiki, da shi kuma 'ya'yansa za su nuna cewa ubansu ne ya kaɗa.

Akwai kuma batun girma. Babban faifan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 faɗinsa inci 12 ne, rigarsa kuwa ta ɗan haura santimita 30 ta kowane gefe, fili ne da zai ɗauki hoto da cikakken rubutu. Da kaset ya zo sai filin ya koma 'yar takarda mai ninki, faifan sidi da ya fito a 1982 ya bar mana ɗan littafi mai faɗin santimita 12, yanzu kuma a waya hoton bai fi farce girma ba a jerin waƙoƙi. Duk lokacin da filin ya ragu, abin da ake fara zubarwa shi ne sunayen ƙananan ma'aikata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne namu na gida. Yawancin kaset ɗin makaɗan Hausa da aka riƙa sayarwa a kasuwanni kwafi ne daga kwafi, an rubuta sunan mawaƙi da biro a jikin takarda, shi ke nan. Ka ɗauki Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999 bayan ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa: idan ka kunna ɗaya a yau ka tambayi wace shekara aka naɗe ta, a wane gari, su wa ke riƙe da kalangu a ranar, su wa ke amshi, sai dai a yi ta kirdado, kuma tsofaffin da za su iya warware gardamar suna ta ƙarewa. Ka kwatanta da faifai biyu na kiɗan Hausa da aka buga a Jamus cikin jerin UNESCO, daga abin da David Ames ya naɗa a shekarun 1960, waɗanda suka zo da hotuna da bayanin kayan kiɗa da irin taron da ake kaɗa kowanne. Mai bincike yana iya dogara da su har gobe, saboda wani ya zauna ya rubuta.

Hajiya Rabi Mai Zane ta rubuta:

Malam Isyaku ya yi maganar rubutu, ni kuma bari in yi ta zane, domin sana'ata ce. Habibu ƙanena, ba sai ka je Amurka ba, ka nemi hotunan faifan Fela Kuti ka duba. Lemi Ghariokwu ya zana masa riguna 26, kuma lokacin da ya yi ta farko, wato ta Alagbon Close a 1974, bai cika shekara 20 ba. Alagbon Close sunan layin da ofishin 'yan sandan ciki yake ne a Ikoyi, inda aka tsare Fela. A zanen za ka ga gidan kason yana ci da wuta, ga sarƙa a tsinke, ga Fela yana rawa, a ƙasa kuma wani ƙaton kifi ya kifar da jirgin sintirin 'yan sanda. Wanda ya tsaya a gaban shagon faifai a Legas ya riga ya karɓi saƙon kafin ya biya ko kwabo, ko ya iya karatu ko bai iya ba.

Ta Beasts of No Nation, wadda ta fito a 1989, ta fi wannan zafi. An zana Margaret Thatcher ta Birtaniya da Ronald Reagan na Amurka da P. W. Botha na gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu da fiƙoƙi irin na masu shan jini, kuma ko'ina ka duba a jikin rigar akwai wani ƙaramin abu da aka cusa, wanda ba za ka lura da shi ba sai a kallo na uku ko na huɗu. Da gangan aka yi hakan. Waƙar Fela guda ɗaya takan cinye gefen faifai sukutum, sau da yawa kiɗa ne zalla na tsawon mintoci kafin ya buɗe baki, to a wannan lokacin mai saurare yana zaune da rigar a cinyarsa yana bin zanen da ido. Mai zanen ya san tsawon lokacin da za a ba shi, sai ya cika filin daidai da haka. Idan aka matse wannan zane ya koma ɗan hoto a waya, launi kawai ke saura.

Ina kuma ganin aibu ne a ce wannan ado ne da aka ɗora wa waƙa daga baya. Ghariokwu yakan saurari waƙar tun ana gwajinta, ya san abin da ya jawo ta, sannan ya zana nasa ra'ayin, har ma ya ƙara da rubutun hannunsa. Mutum biyu ne ke magana a kan abu ɗaya, ɗaya da ƙaho da murya, ɗaya da fenti.

Malam Bala Kaura ya rubuta:

Ban ƙi maganar Malam Isyaku da ta Hajiya ba, amma ina ganin an ɗan yi wa makaɗanmu rashin adalci, kamar dai sun bar waƙoƙinsu ba bayani. Mawaƙin baka na Hausa a cikin waƙar yake zuba abin da Bature ke rubutawa a bayan faifai. Yana ambaton sunansa, ya yi wa kansa kirari, ya kira wanda ya yi wa waƙar da sunan ubansa da kakansa da garinsa, ya lissafa kyautar da aka yi masa, wani lokaci ma ya juya ya kira makaɗinsa da suna. Masu sauraronsa na farko ba takarda suke riƙe da ita ba, a fada ko a filin biki suke tsaye, kuma sun san kowa da aka ambata.

Na biyu, ina da shakka a kan buga baitoci. Waƙar baka ba ta da tsayayyen matani, domin mawaƙi yana iya rera ta yau a Funtuwa ya sake rera ta gobe a Kaduna da wasu ɗiyoyi dabam, gwargwadon waɗanda ke wurin. Idan ka buga guda a takarda, mai karatu zai ɗauka ita ce sahihiya, sauran kuma kuskure. Sannan rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, alhali a kansu waƙar take tafiya tare da kalangu. Wannan ya bambanta da rubutacciyar waƙa irin ta Aliyu Namangi ko Aƙilu Aliyu, wadda an tsara ta baiti-baiti da ma'auni da amsa-amo, don haka takarda ba ta rage mata komai. Ko a can Turai ɗin ma ba tun fil'azal ake buga baitoci ba, faifan ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles na 1967 ne ya yaɗa al'adar a tsakanin mawaƙan zamani, kuma rubutun baya yakan zo da kuskure ko yabon da kamfani ya biya a rubuta.

Malam Isyaku Mai Garmaho ya rubuta:

Malam Bala, na yarda da kai a kan cewa waƙar baka tana sauyawa, amma hakan dalili ne na a rubuta ranar da wurin, don a san wace rerawa ce aka naɗa. Mawaƙi yana kiran sunan ubangidansa, gaskiya ne, sai dai ba ya faɗin shekara, kuma bayan shekara 60 sunan da kowa ya sani a fada ya zama baƙo. Ka ba matashin Kano waƙar Narambaɗa, makaɗin kotso na Sarkin Gobir na Isa, ka ce ya rubuta abin da ya ji. Zai yi tuntuɓe da Hausar yamma, da sunayen sarauta, da habaicin da aka yi wa wani abokin hamayya wanda ba a kama sunansa ba. Shi ya sa malaman sashen Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato suke shan wahalar bin tsofaffi suna rubuta matanin waƙoƙin nan da sharhinsu, aikin da da an yi rabinsa a jikin faifan tun farko da ya zo da sauƙi.

Akwai ma inda rubutun yake buɗe abin da kunne kaɗai ba zai gane ba. A faifan A Love Supreme na 1965, John Coltrane, mai busa ƙaho ɗan Amurka, ya buga wata addu'a ta godiya ga Allah da ya rubuta da kansa. Kashi na huɗu na faifan babu murya ko ɗaya, ƙahonsa ne kawai da sauran makaɗa, amma idan ka bi addu'ar da yatsa yayin da yake busa, za ka ji yana bin kalmomin gaɓa-gaɓa daga farko har ƙarshe. Bahaushen da ya san yadda kalangu da algaita ke yin kirari ba zai yi mamakin wannan ba, bambancin kawai shi ne a can sai da takardar mai saurare zai san abin da ƙahon ke faɗa.

Habibu Ɗan Fagge ya rubuta:

Na gode ƙwarai, iyayena. Bayan na karanta amsar Malam Isyaku na buɗe manhajar da nake jin waƙa da ita, na shiga wurin da take nuna waɗanda suka yi aiki a kan waƙa. A waƙoƙin ƙasashen waje na ga marubuta da masu tsara kiɗa a jere, amma a yawancin waƙoƙin Hausa na zamani da na duba sunan mawaƙi kaɗai ne, babu mai kiɗan situdiyo, babu 'yan amshi, baitocin ma babu. Malam Bala, ina da wata tambayar gare ka: idan mawaƙin zamani a situdiyo yake naɗar waƙarsa sau ɗaya tak, kuma wannan naɗin ne kowa zai ji, shin shakkar da ka kawo a kan buga baitoci ta shafe shi?