A yanke wa ɗan bak intanet har a gama jarrabawa?

Malam Hamadu (Marwa): Assalamu alaikum jama'a. Bak, jarrabawar gama sakandare, da firobatuwar, wadda ake yi shekara ɗaya kafin ta, sun ƙarato, kuma ga matsayina: duk mai son yaronsa ya ci, ya yanke masa intanet ɗungurungum har a gama. Kar a saya masa mega ko ta sefa ɗari. Ina ganinsu a aji da safe, ido ja wur, an raba dare a TikTok. Ka ba yaro lissafi, kafin ya kai layi uku hannunsa ya tafi aljihu, ko da wayar tana gida.

Maman Sadiya (Garwa): Wa alaikumus salam. Malam, ban ƙi taku ba, amma ya zan yi da gurup ɗin ajinsu? Can malaminsu yake tura tsofaffin tambayoyin bak da gyaransu, ni kuwa ba ni da kuɗin sayen littattafan nan duka. Kuma idan aka ɗauke wuta, wayar take jinginawa da kofi, ta kunna fitilarta, ta yi karatu.

Alhaji Abakar (Njamena): Mu a Cadi an gwada mana wannan maganin. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 gwamnatin Idriss Déby ta toshe WhatsApp da Facebook da Twitter, wata 16 cur. Me ya biyo baya? Yara suka ƙware a VPN, manhajar da ake kewaye toshewa da ita, su ne ma suke sa wa iyayensu a waya. Wanda bai da mega ya je a tura masa fina-finai a memori. Ni dai a gidana ban ga wanda toshewar ta mayar kan littafi ba.

Malam Hamadu: Alhaji, kar mu haɗa su. Waccan siyasa ce, irin wadda aka yi wa yankunan masu Turancin Ingilishi a nan Kamaru a farkon 2017, wata uku ba intanet. Ba don karatun yara aka yi ba. Ni zancen uba da ɗansa nake yi. Ai ko Faransa, da muka gaji tsarin bak ɗin daga wurinta, tun 2018 ta kafa dokar hana waya a firamare da kwaleji, wato ƙaramar sakandare.

Nasiru (Jami'ar Ngawundere): Malam, da izininku. Dokar Faransa ta cikin makaranta ce, ba ta bi yaro gida ba. Kuma a ganina ba intanet ɗin ce ke cin lokaci ba, ƙarar saƙo ce. Kana tsakiyar lissafi waya ta yi ƙit, ka leƙa, ka dawo ka tarar zaren ya kuɓuce, sai ka koma farko. Ni da safe nake sauke duk abin da zan karanta, in kashe data, in bar wayar a wani ɗaki. A Android ma akwai Digital Wellbeing, inda ake sa wa TikTok iyakar mintoci.

Malam Hamadu: Kai ka girma, Nasiru, kai kake kashewa da hannunka. Ɗan shekara 16 shi zai sa iyakar, shi zai cire ta da tsakar dare.

Inna Hajiya (Kuseri): Gaskiyarku a nan, Malam. Sai dai ni na raini yara, na ga abin da ƙwace ke haifarwa. Mun taɓa karɓe ta wani jikana gaba ɗaya, ashe ya aro wata tsohuwa mai fasasshen gilashi wajen abokinsa, yana ɓoye ta cikin rigar filo. A da muna sanin abin da yake kallo, daga baya sai ba mu sani ba, ga ƙarya ta shigo. Sannan mu manya fa? Uba yana kan tabarma yana sauraren odiyo da ƙarfi, yana ce wa yaro je ka yi karatu.

Alhaji Abakar: Inna kin gama magana. Wanda ba shi da niyya, ko a rijiya ka jefa wayar, wata hanya zai nema.

Maman Sadiya: A'a Alhaji, ni ban yarda a zuba ido ba. Niyyar ma ai taimaka mata ake yi. Ga abin da zan gwada: bayan isha'i wayar Sadiya ta kwana a ɗakina, tawa ma in ajiye. In saya mata fitila mai sola. Bayan la'asar in ba ta ta sauke abin da aka turo.

Malam Hamadu: Har yanzu ina ganin yankewa gaba ɗaya ta fi, musamman a makonnin ƙarshe. Amma in haka za ku yi, mu malamai ma da namu laifin, wasunmu sai ƙarfe 11 na dare suke tura aiki. Gobe in sha Allah zan yi wa abokan aikina magana, a tsayar da lokaci ɗaya kafin magariba.

Maman Sadiya: Allah Ya saka, Malam. In kun tsayar ku sanar da mu, ni ma in kai wa malamansu na nan Garwa.