Wane Suna Zan Amsa Da Shi?

Bakaniken Suwame:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwana na zumuntar Hausa a Kumasi. Jiya a sujadar yamma Baba Katikis ya karanta mana Farawa sura 32, inda Yakubu ya kwana yana kokawa a mashigin Yabbok har aka tambaye shi sunansa. Tun jiya ban runtsa ba. Abin da bakina ya kasa faɗa a gabanku, ga shi a waƙa.

Da sunan Uba zan buɗe bakina,
Wanda ya ƙirga gashin da ke kaina.

A Aboabo aka binne cibina,
Can Bawku ne tushen su babana.

Suna uku nake da su, ku ji zancena,
Kowane da rigar da ke rufe jikina.

A Magazin, unguwar kanikawa, "Masta" yara ke kirana,
Baƙin mai har gwiwar hannu, ga sifana.

Ran Lahadi farar riga da takalmina,
Sunan baftisma, ana yabon halina.

A gida kuwa tsohuwa ta san asalina,
Da sunan ƙuruciya take tashina.

Ran Alhamis wani direba ya zo wurina,
Motarsa ta ƙi tashi, ya ce, "Taimaka, ɗan'uwana."

Famfon mai na gwanjo na ɗauko a ɗakina,
Na wanke shi da fetur, na goge da tsummana.

Na sa shi a kwalin sabo, ko ɗar babu a raina,
Sidi ɗari huɗu na ɗora a lissafina.

Ya ce, "Kai ɗan coci ne, ka wuce zargina,"
Ya ƙirgo kuɗin nan take ya zuba a tafina.

Ran Lahadi tasar baiko tana hannuna,
Ni na ja addu'a, "Amin" na bin bayana.

Yakubu ya ce wa makaho, "Ni ne Isuwa, Babana,"
Da fatar akuya a wuya. To, ga hotona.

In Mai kokawar ya riƙe ni, ya ce, "Sunanka, bawana?"
Wanne zan ba shi cikin ukun, 'yan'uwana?

Inna Mai Koko:

Ɗana, jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa mata daga bakin murhu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saurara.

Na ji ka, ɗana, ka daina ɓoyewa,
Ƙurjin da aka matse shi ke warkewa.

Tun ƙarfe uku nake tashi ina tacewa,
Gero ya kwana a ruwa, an kai shi niƙawa.

Rariya ba ta ƙarya, ba ta sanin kowa,
Gasara ta wuce, dusa tana tsayawa.

In gasara ta kwana har ta kai ga lalacewa,
Ko ka juye buhun sukari, harshe na ganewa.

Ni ma na yi shekaru ina lulluɓewa,
Littafina a cikin zane, ina saurin wucewa.

Ran Lahadi in ce Kejetiya za ni sayowa,
Don tsoron kar cinikin safe ya yi raguwa.

Ran nan Hajiyar gidanmu ta leƙo tana cewa,
"Ƙararrawarku ta buga, me kike tsayawa?

Ajiye tukunyar, ni zan duba miki, yi gaggawa,
Mun san ki tun zuwanki, ba yau muke ganewa."

Na koma ɗaki na zauna, hawaye na zubowa,
Ashe ni kaɗai nake wa kaina rufawa.

Shekara goma sha biyu muka ƙara da zamantakewa,
Da ta cika, ni na dama wa masu gaisuwa.

Suna uku ba laifi, duk kai ake kirawa,
Wanda ya wanke famfon, shi ne ake nemowa.

Autar Asawase:

Inna, Yaya, ku gafarta wa ƙaramin baki. Ni wannan magana ta duba cikin zuciya ita ce ta kusa raba ni da coci. Daga ɗakin kwananmu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, nake rubutu, kowa ya yi barci.

Na leƙa ciki yadda kuka ce, ban ji daɗi ba,
Rijiya ce mai zurfi, ban hango ƙasanta ba.

Na tone hassada, ga girman kai, ban gama ba,
Na tone shi, ga wata ƙarya da ban san da ita ba.

Tubana ma na duba, ban same shi da tsabta ba,
Ina kuka ina leƙen ko an gan ni ko ba a gani ba.

Irmiya ya ce zuciya ta fi kome yaudara, bai yi ƙarya ba,
Wa zai auna hatsin in mudun kansa bai cika ba?

A waya kullum ana cewa, "Zama kanki," ban gane ba,
Ta cikin hoto, ko wadda daren jiya ba ta runtsa ba?

A makaranta da Turanci nake addu'a, ban taɓa fasawa ba,
Don kar a ce 'yar Zongo ce, ba ta waye ba.

Wata huɗu ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba,
Ina jiran in yi tsabta, har yau ban yi ba.

Baba Katikis:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika faɗa. Ba ke kika fara faɗawa wannan rijiya ba. Agustin, ɗan Afirka ne kamar mu, an haife shi a Tagaste a shekarar 354, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya zama bishof na Hippo. Yana da shekara 16 shi da abokansa suka girgiza itacen maƙwabci da dare, ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu 'ya'yan. Ya haura arba'in yana tambayar kansa abin da ya sa ya ji daɗin wannan ɓarna. Amma abin da nake so ki lura da shi, duk tonon da ya yi, da Allah yake magana tun daga layin farko na littafin da ya ba da labarin a ciki. Bai zauna shi da madubi su biyu ba.

'Yata, na ji kukan da ke cikin bakinki,
Kin shiga rijiya ba igiya a ƙugunki,
Ba fitila, ba mai riƙo a samanki,
Dole duhu ya zama shi ne malaminki,
Ba a shiga haka nan cikin zuciya.

Dawuda cewa ya yi, "Ya Allah, bincike ni,
Ka san tunanina, ka gwada ni,
In da muguwar hanya, ka nuna mini,
Sa'an nan ka kama hannuna ka bi da ni,"
Mai binciken shi ne mai nuna hanya.

Mutum biyu dare ɗaya ya fallasa su,
Bitrus da Yahuda, duka sun ga kansu,
Duka baƙin ciki ya cika ransu,
Ɗaya ya ɗauki igiya ya rabu da su,
Ɗaya ya zauna cikin 'yan'uwa da kunya.

Gaban wutar gawayi Bitrus ya yi musu, yana jin ɗuminta,
Sau uku, zakara ya yi cara, ya fita,
Kwana ya ja, sai ga wata wutar an hura ta,
A bakin tekun Galili, da kifi a kanta,
Mai hurawar Yesu ne, wanda aka yi wa ƙarya.

Bai kira shi Bitrus, wato Dutse, ba, ya koma tushensa,
"Siman ɗan Yohanna," sunan gidan ubansa,
Sai da ya ci ya ƙoshi aka taɓa ciwonsa,
Sau uku tambayar, daidai da musunsa,
Ya tashi da sandan kiwo ya kama tafiya.

Ki zo teburin Ubangiji ran Lahadi mai zuwa,
Kar ki jira ƙarshen tonon, ba ya ƙarewa,
Shekarata saba'in da huɗu ina tonowa,
Jiya ma na kama son yabo ina karantawa,
Mai lafiya ba ya neman likita, sai mai jinya.

Wancan baiti na ƙarshe ba ado ba ne. Jiya da nake karanta muku labarin Yakubu, rabin hankalina yana kan ko muryata ta kai kujerun baya, ko baƙon da ya zo daga Adum zai yaba. Sai da na koma gida na ga abin.

Batun addu'a da Turanci kuwa, ya taɓa ni ƙwarai. Turanci ba laifi ba ne, na koyar da shi shekaru da yawa. Kunyar ce ciwon. Maƙwabtanmu Asante suna da Littafi Mai Tsarki da Twi tun 1871, aikin Christaller na mishan ɗin Basel da abokan aikinsa 'yan ƙasa, kuma ba ki taɓa ganin wata tsohuwa a Bantama tana jin nauyin kiran Onyame, wato Allah da Twi, ba. Namu na Hausa ya fito cikakke a 1932. Marigayi Kwame Bediako, malamin tauhidi na Akropong da ya rasu a 2008, ya ƙare rayuwarsa yana koyar da cewa mutum ya ji Allah da harshen uwarsa, kuma zama na Almasihu ba ya mai da ɗan Afirka baƙo a gidan ubansa.

Sarki ya ba Dawuda sulke, ya gwada shi,
Ya kasa taku, nan take ya tuɓe shi,
Ya gangara rafi, dutse biyar ya ishe shi,
Harshen da kika sha a nono, yi kuka da shi,
Ba a sa tafinta tsakanin Uba da ɗiya.

Telan Alabar:

Baba, na rusuna. Ba ni da abin ƙarawa kan maganarka. Amma kai abokina na Suwame, tare muka yi wasan ƙasa, don haka ba zan shafa maka mai a baki ba.

Waƙa ta yi daɗi, an yi kuka, an share ido,
Direban fa? Har yanzu famfonka yake ɗauko. 

A'a, wannan bai hau ba, ni ba mawaƙi ba ne. Bari in sake.

Zakka bai tsaya kan itace yana waƙar laifi ba,
Ya sauko ya buɗe jaka, bai bar bashi ya kwana ba.
Riɓi huɗu ya yi alkawari, ni ban ce ka kai nan ba,
Amma tuban da bai taɓa aljihu ba, ɗinki ne ba ƙulli ba.

Ka san inda yake lodi. Kada ka sa mu zama majami'ar da ake furta laifi a cikinta don a sha tafi.

Autar Asawase:

Baba, na karanta sau uku. Ban taɓa lura wutar gawayi biyu ce ba, sai da na buɗe Yohanna 18 da 21 na gani da idona. Daren jiya na durƙusa na ce, "Uba, ga ni," da Hausa. Daga nan ban iya ƙara kome ba. Ban sani ba ko zan iya zuwa teburin, amma zan zo coci.

Bakaniken Suwame:

Tela, ran Talata na ji haushinka, har na kashe wayar. Yau Juma'a, ga abin da ya faru.

Maganarka ta soke ni, ta hana ni kwana,
Da asuba na fita, kuɗin yana aljihuna.

Na same shi a tasha da ɗagowar rana,
Yana lodin Mampong, ya yi mamakin ganina.

Na ce, "Famfon ba sabo ba ne, ƙarya ce daga bakina,
Ga sabo na sayo, ga ɗari huɗunka, laifina."

Ya ƙirga sau biyu, ya kau da kai daga gefena,
Yaron motarsa na dariya, fasinja na kallona.

Ya ce, "Da ta mutu a hawan dutse da mutane a bayana?"
Ban sami abin faɗa ba, na haɗiye yawuna.

Ya ƙi ya ce ya yafe, ya ƙi karɓar hannuna,
Ya ce wani zai ɗaura masa, ba ni ba, ba yarana.

Na koma Magazin ina ɗingishi a raina,
Kamar Yakubu a Feniyel da fitowar rana.

Ban ji an ba ni sabon suna ba, iyayena,
Amma da aka ce "Masta," na amsa da muryar gidana.

Saura yara uku da suka koyi wankin a hannuna,
Gobe su zan tara kafin in taɓa sifana.

Ku sa ni a addu'a. Tsayawa gaban yaran nan ya fi mini wuya a kan direban, don ƙaramin cikinsu ɗan yayata ne, kuma ni na nuna masa yadda ake manne bakin kwali ya koma kamar ba a taɓa buɗe shi ba.

Inna Mai Koko:

Ɗana, kada ka je musu da ciki wayam. Ka biyo ta Aboabo ƙarfe biyar da rabi, zan ajiye maka koko da ƙosai, har na yaran uku. Ka taho da roba mai murfi.

Ke kuma Auta, gwiwata ta ƙi tun saukar damina, ba na iya hawa motar nan ni kaɗai. Ran Lahadi ki zo ki kama ni mu tafi tare. Kujera ta uku ta gefen taga nake zama, akwai wurin mutum biyu.